Rasuwar Gulsambar a Tsakiyar Hanyar Shalkut

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake har yau baƙin cikin yana tsaye a bakin ƙofa bai shigo ba, ni Purdum Wali ɗan Mir Wali, na ƙauyen Rezgol, a madadin kaina da iyalina da ƙungiyar direbobin kwarinmu, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motata, koriyar jif ɗin nan da kowa ya sani da suna Gulsambar. Ta rasu ranar Litinin da ta gabata, bayan azahar da kaɗan, a cikin ramin ruwan da ke tsakiyar fadamar Shalkut. Ta rasu a kan hanya, tayoyinta huɗu duk suna cikin sawu. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, domin duk abin da zan faɗa nan gaba a kansa ya rataya.

Ba wanda ya san shekarunta na gaskiya. Takardarta ta faɗi wata shekara, Ustad Shukur bakanike ya ce takardar ƙarya take yi, don ya ga fentin soja a ƙarƙashin koren. Abin da muka tabbatar shi ne ta yi shekara arba'in da ɗaya a kwarin nan, kuma ba da ƙafarta ta shigo ba. A lokacin babu gadar ƙarfe, sai ta katako mai lilo, wadda ko jaki sai an rufe masa ido yake hawa. Mahaifina ya sa aka kwance ta a hayin kogi, mazan Rezgol suka ƙetaro da ita gunduwa-gunduwa. Mutum takwas suka ɗauki inji a rataye jikin itace, kowace taya a bayan mutum guda, sitiyari kuwa limamin wancan zamani ne ya riƙo shi, wai don a fara da albarka. Ustad Shukur, gemunsa baƙi ƙirin a lokacin, ya yi kwana uku yana haɗa ta a inuwar masallaci. Da ya gama sai ga noti bakwai sun yi saura a kan buhu. Ya jujjuya su, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce wa mahaifina, "Yaya Mir, ko dai masu ƙera ta sun yi almubazzaranci, ko kuma wata rana za mu ji labari." Aka zuba su a gwangwanin shayi. Suna nan a kan tagarmu har yau, ba a taɓa neman su ba.

Marigayiya mai haƙuri ce, amma ba ta son a tashe ta da gaggawa. Da sanyin safiya sai an taka mata totur sau biyu, a dakata, sannan a murɗa makulli. Ta ce kyar-kyar-kyar, ta yi shiru kamar mai tunanin ko ranar ta cancanci a tashi, sannan ta ce gurrum, karnukan unguwa su amsa. Da wannan matan Rezgol suke sanin lokacin ɗora shayi. Ta ɗauki buhunan dankali da gishirin dabbobi da maruƙa da aka ɗaure wa ƙafafu. Ta taɓa ɗaukar mutum goma sha tara ranar wasan ƙwallon dawaki, uku a kan bonet. Amaren da ta kai ɗaki wasunsu yanzu suna da jikoki, kuma ita ce ta sauko da gawar mazan wasu daga cikinsu, a baya ɗaya, da tafiya iri ɗaya. Ban sani ba ko wannan rashin tausayi ne ko kuwa adalci. Na daɗe ina juya shi.

Tana da aibi, ba zan ɓoye ba. Idan ana gangara, giya ta biyu takan fita da kanta, sai na tokare sandar da gwiwa har ƙasa. Ƙofar fasinja da igiya ake ɗaure ta. Odarta ba ta da kwarjini ko kaɗan, mbiii take yi kamar ɗan akuyar da aka raba da uwa, har direbobi suna roƙona in daina dannawa a gaban baƙi.

Akwai wani aibin da za a iya jingina mata, kuma ina so in cire mata shi kafin a rufe ta, domin nawa ne.

A da hanya biyu ce ke hawa rugagen tudu, inda mutanenmu ke kai dabbobi idan ƙanƙara ta janye: ta Shalkut da ta Mashgol. Kowacce sawun taya biyu ce kawai da ta ratsa fadama. Shekara goma sha huɗu da suka wuce ina biye da jif ɗin Hazar Baig a fadamar Mashgol, yana gaba yana jan jiki kamar mai rakiyar amarya, yana fito da hannu yana yi mini alamar in zo in wuce, don ya san babu wurin wucewa. A inda hanyar ta yi kwana sai na karya sitiyari, na yanke ta cikin ciyawa, na ɓullo a gabansa. Bai fi taku sittin ba. Fasinjojina suka yi tafi. Na danna masa oda, mbiii. Da na waiga na ga ciyawar ta kwanta layi biyu, na ce a raina gobe za ta tashi.

Ta tashi kuwa. Amma kafin ta gama miƙewa wani ya ga layin ya bi, wani ya bi shi. Da wurin ya yi taɓo sai aka matsa gefe, da gefen ya yi taɓo aka ƙara matsawa. Cikin shekara uku sawu goma sha ɗaya na ƙirga a jere. Ciyawar tudu ba ta fi tafin hannu kauri ba, ƙarƙashinta baƙar ƙasa ce mai ruwa, kuma idan ta yage ba ta saƙuwa a zamanin wanda ya yage ta. Ruwan ƙanƙara ya samu sawun ya bi. Yanzu kwazazzabo ne a wurin, mutum yana tsaye a ciki ba a ganin hularsa. Ofishin gandun daji ya gitta ƙarfe a bakin hanyar ya sa kwaɗo, har yau ba a buɗe ba. Gida goma sha biyu ke kiwo a Mashgol. Da tafiyar ta koma kwana biyu a ƙasa da kaya a baya, bakwai suka sayar da dabbobinsu. Ɗaya daga cikinsu kawun matata ne, yana can birni yana gadin ƙofar wani.

Ba wanda ya tambayi wa ya fara. Cikin direbobi Hazar Baig kaɗai ya san komai, shi ne kuma shugaban ƙungiyarmu yanzu, bai taɓa faɗa ba ko a cikin faɗa, ga shi kuwa mutum ne da bakinsa ba shi da birki. Ni ban yi makaranta ba, a jikin allunan hanya da littafin gyaran mota na koyi karatu, saboda haka ba ni da malamin da zan kai wa tambayata. Tambayar ita ce, motar farko ba ta kashe ciyawar ba, tun da ta tashi. Ta biyu ma haka. Ta ɗari kuwa hanya ta tarar a shimfiɗe, ba ta ma san ciyawa ta taɓa zama a wurin ba. To wacce ce ta yi ɓarnar? Shekara goma sha huɗu ina raba laifin nan tsakanin motoci, kullum idan na gama rabo sai in tarar da shi a gabana cikakke.

Bayan Mashgol hanya ɗaya ta rage. Ita ma an so a rufe ta, dattawa suka je suka roƙa, aka rubuta yarjejeniya, kowane direba ya dangwala yatsa. Ba a fita daga sawun nan biyu ko da me. Motar baƙo ba ta hawa sai da jif ɗin gari a gabanta. Jami'in gandun daji yana zagayowa sau biyu a shekara, in ya ga sabon sawu ko da guda, ƙarfe ya sauka. Gida talatin ne a rugagen Shalkut, yawanci mata da tsofaffi. Ta nan garin alkama da gishiri ke hawa, ta nan man shanu da cuku da marar lafiya ke sauka.

Jinyar marigayiya ba ta yi tsawo ba. Ranar Litinin ta tashi lafiya, a murɗawa ta biyu. Na ɗauki Goggo Zarbibi, tsohuwar da ta sauko sayen gishiri da kayan jego, don surukarta tana can ruga da cikin wata tara. A bayanmu akwai manyan motoci uku na baƙi daga Lahore, ni ne jagoransu. Da mun bi lokaci, da mun wuce ramin tun hantsi. Ruwan Shalkut daga ƙanƙarar duwatsu yake sauka, da safe ko idon sawu ba ya rufewa, amma da rana ta zauna a kan ƙanƙara sai ya kumbura, ba ya saɓewa sai asuba. Baƙin suka yi ta tsayawa ɗaukar hoto a kowace kwana. Muka isa bayan azahar. A bakin ramin akwai sandar da muka kafa mai jan fenti, ƙa'idarmu in ruwa ya rufe jan, a jira safiya. Ran nan ruwan yana taɓa jan, ya rufe, ya buɗe, ya rufe.

Na sauka na samu babbansu, wani mai baƙin tabarau da suke kira Shahzeb, na ce ko dai mu jira gobe, ko su bar motocin nan su ƙarasa a ƙasa, tafiyar awa guda ce.

"Haba Baffa," ya ce, "ga fili nan dama da hagu kamar filin ƙwallo. Mu zagaye mana."

"Ba a zagayewa."

"In ji wa?"

"Mun dangwala yatsa."

"Ku kuka dangwala, ni nawa yatsan fes yake, ka gani." Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ya dafa kafaɗata. "Ciyawa ce fa, Baffa, ba kabarin waliyyi ba. Gobe za ta tashi."

Na ji maganata ta fito daga bakin wani. Na duba baya na ga motar ƙarshe ta riga ta karkata tayoyinta. Baki ɗaya ba ya tare mota uku. Na lissafa cewa in na tsaya za su zagaye ni, in kuwa na ƙetare sun ga an ƙetare, za su biyo sawuna, wanda ya maƙale in ja shi da igiya. Na ce wa Goggo ta sauka.

"Sauke mini gishirina tukuna, ɗan Mir Wali," ta ce, "sannan ka je ka yi haukanka. In ya narke kai zan ɗaure a turke shanu su lasa."

Na sauke buhunan. Na sa ƙaramar giya mai jan taya huɗu, muka shiga a hankali. Abin da ban sani ba shi ne ruwa ya kwashe duwatsun da muka jera a tsakiyar ramin farkon shekara. Tana cikin tafiya, gur-gur-gur, sai hancinta ya faɗa. Na ji ta haɗiyi ruwa, ƙwat. Ta girgiza sau ɗaya, wani abu ya ce ƙwas a cikinta, sai shiru, sai ƙarar ruwa da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa har ya kai mini ƙugu. Na san ba a murɗa makulli idan inji ya sha ruwa. Ni na koya wa rabin direbobin kwarin nan wannan. Na murɗa. Ta ce kyar. Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Ban san iya zaman da na yi hannuna a kan sitiyari ba. Ƙarar inji ce ta dawo da ni, na waiga na ga Shahzeb ya karya tayoyinsa zuwa ciyawa. Na kuma ga Goggo Zarbibi ta ja buhun gishiri guda, ta ajiye shi daidai gaban tayar, ta zauna a kai, ta ciro mazarinta ta kama kaɗa gashin tunkiya.

Ya leƙo ta taga. "Inna, don Allah tashi, kar a ji miki ciwo."

"Kashe motar, ɗana, ba na jin ka."

Ya ƙara ɗaga murya. Ta ce har yanzu ba ta ji. Ya kashe.

"Yauwa," ta ce. "In kana sauri ka bi ta kaina. Ni an kusa gamawa da ni. Wannan kuwa shanun jikokina ne za su ci."

Ya cire tabarau. Matarsa ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. Daga nan ba wanda ya sake tayar da zancen zagaye. Da baya suka koma, kusan kilomita biyu, har bakin maɓuɓɓuga inda ƙasa ke da tsakuwa ana iya juyawa, ni ina tafe a ƙasa ina nuna musu sawu, wandona na ɗigar ruwa. Da za su tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Baffa, wallahi ban san abin zai kai haka ba." Na ce ni ma ban sani ba. Ba mugayen mutane ba ne. Na faɗi wannan don kada a ɗora musu abin da ba nasu ba.

Ranar Talata aka jera jif biyu a cikin sawu aka ja ta ta baya. Igiya ta tsinke sau biyu, ita ko motsi ba ta yi ba, don taɓo ya haɗiye ta har ƙashin bayanta, wato dogon ƙarfen nan da duk jikin mota ke zaune a kai. Tayoyin masu ja suka fara haƙe hanyar kanta, Hazar Baig ya ce a bari. Ranar Laraba da sassafe, ruwa na barci, aka kawo Ustad Shukur a kan jaki. Ya naɗe wando, ya buɗe bonet, ya daɗe yana lalube da hannu, don idonsa ya yi rauni.

"Ta buga, Purdum. Inji ya tsage, ga yatsana yana shiga. Ka murɗa makulli?"

"Na murɗa, Ustad."

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya."

Ya goge hannunsa a gemu. "Ɗaya ya isa," ya ce.

A nan ne na ga abin da ban lissafa ba. Ta ƙi barin hanya, sai ga shi ta toshe hanyar. Man shanu yana can sama yana jira, ga mace da cikin wata tara, ga jami'i zai zo zagayensa ranar Alhamis ta makon gobe. Kwana nawa direba zai tsaya a bayan matacciyar mota, fili a damansa fili a hagunsa, bai zagaye ba? Na san amsar, don na san kaina.

Aka zauna a shagon shayi. Gul Feroz, wanda bai taɓa ganin wahalar wani bai yi mata waƙa ba, ya fara.

"Jama'a a tafa wa Purdum. Ya kiyaye doka har ya zauna a kanta, kowa ya rasa hanyar bi." Aka yi dariya, ni ma ina jin na yi. Sannan ya gyara murya. "Maganar gaskiya, ga katafilar masu aikin titi nan a gindin kwari. Yini ɗaya ta cire ta kamar haƙori. Ustad ya ce akwai tsohon inji a birni da zai shige ta. Wata biyu ka gan ta tana mana mbiii."

"Haka ne," Ustad Shukur ya ce. "In ta fito ɗungurungum, zan tashe ta."

"Katafila ta fi sawun faɗi," Hazar Baig ya ce. "Taku biyu kowane gefe. Daga maɓuɓɓuga har rami za ta zana wa jami'i layi biyu, ko makaho zai karanta."

Gul Feroz ya ce, "To a roƙe shi. Larura ce."

"Na Mashgol ma sun roƙa."

Kowa ya kama duba kofinsa. Ba wanda zai ce wa mutum ya kashe abin da yake ci da shi. Na ji bakina ya ce, "A kwance ta. Yadda ta shigo haka za ta fita."

Ustad Shukur ya ce jiki zai fita, inji zai fita, tayoyi za su fita, amma ƙashin bayan ba zai fita da hannun mutum ba. In aka bar shi, Gulsambar ta tafi ke nan, babu sauran haɗawa. Sai dai kuma, in ji shi, ƙarfen a kwance yake daidai tsawon ramin, in aka jera faffaɗan duwatsu a kai, ruwa ba zai ƙara kwashe su ba. Ramin da ya dame mu shekara da shekaru zai samu daɓe. Na ce a yi haka. Gul Feroz ya tura mini nasa shayin.

A waje Hazar Baig ya biyo ni.

"Purdum."

"Na'am."

"Kwanar nan ta Mashgol." Karo na farko ke nan da ya ambace ta. Yana magana yana kallon dutse. "Ni na fito da hannu na ce ka zo ka wuce. Rabi nawa ne."

"Hannu ka fito da shi. Ni na karya sitiyari."

"To riƙe kayanka, marowaci. Ko laifi ba ka iya sam wa mutane." Ya tofar da yawu gefe. "Ranar Asabar da za a kwance ta, ni ne a gaba wajen ɗaukar inji. Kafaɗarka an taɓa ɗinke ta, ba za ta iya ba."

Matata Sifat tana tankaɗe na gaya mata shawarar da na yanke. Ba ta ɗago ba.

"Uban Nasrin, ciyawa ka zaɓa ke nan."

"Hanya na zaɓa."

"Hanya. Ga mutumin da ba shi da mota."

Na gaya mata zancen Mashgol, na ce ni ne, tun kafin ta karanta a takardar nan tare da sauran mutane. Ta ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare. Sannan ta ce ta sani tun shekarar, ƙanwarta tana cikin waɗanda suka yi mini tafi. Ta karkaɗe rariya ta ce, "Mutum nawa za su ɗauke ta?" Na ce kamar arba'in. Ta ce to sai an ari tanderun maƙwabta, namu ba zai gasa gurasar mutum arba'in ba.

An sanar da jami'in gandun daji. Ya yarda a bar ƙarfen bisa sharaɗin a tsiyaye mai da baƙin mai a cikin jarka, kada ɗigo ya shiga ruwan da dabbobi ke sha, kuma kada a bar komai sai tsuran ƙarfe. Ya ce ranar Alhamis a ƙasa zai bi hanyar, dama da hagu. In bai ga sabon sawu ba, ba zai taɓa kwaɗonsa ba.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, da matata, da 'yarmu Nasrin wadda a jikin lambarta ta koyi ƙirga. Ta bar jif bakwai sa'o'inta, biyu daga cikinsu suna fama da tari. Ta bar karnukan unguwa da suka kwana uku ba su san lokacin haushi ba, da matan da shayinsu ke makara. Tayoyinta uku masu rai za a ba jif ɗin da ke kai marasa lafiya asibiti, ta huɗun ta yi sanƙo, ba ta da magaji. Kujerar gaba ta Goggo Zarbibi ce, ta ce a ajiye mata a ƙofar ruga, ta gaji da zama a kan gishiri. Odar an yi tayi, ba wanda ya karɓa.

Masu zuwa gaisuwa suna ta zuwa, wasu da gaske, wasu suna danne dariya, duk ina zuba musu shayi mai gishiri ina cewa mun gode. Suna tambaya ya haƙuri, ina cewa da godiya. Gaskiya ban ji komai ba tukuna. Da safe ina ɗaukar makulli in fita, sai na kai tsakar gida in tuna. Idan na zauna gwiwata takan tokare sandar da babu ita. Abin da nake juyawa shi ne, don hanya na shiga ruwan nan, ko don wani mai tabarau ya maimaita mini maganata na rasa inda zan sa kaina? Kuma in tsohuwa da buhun gishiri sun isa tare mota uku, me ya hana ni in zauna a gaban tayar tun farko, motata tana bushe a bayana? Na kai wa liman wannan. Ya ce niyyata tsakanina da Allah ce, jami'i kuwa sawu zai duba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar in Allah ya kai mu. A hallara a bakin maɓuɓɓuga da zarar an idar da sallar asuba, domin sai an gama da inji kafin rana ta zauna a kan ƙanƙara. Duk mota ta tsaya a nan. Daga nan a ƙasa za a tafi, a cikin sawu, ɗaya bayan ɗaya, da zuwa da dawowa. Kowa ya ɗauko faffaɗan dutse guda daga tsakuwar maɓuɓɓuga, gwargwadon ƙarfinsa, kada a tono daga fadama. Ba za a yi mata salla ba, liman ya ce ƙarfe ba ya buƙata, amma zai zo ya riƙo sitiyari kamar yadda na gabansa ya yi. Ustad Shukur da ya haɗa ta shi zai kwance ta. Ya roƙa a zo da gwangwanin shayin nan, a sa mata notinta bakwai kafin a jera dutse, ya ce ba ya so a ce ya riƙe mata wani abu. Akwai gurasa da shayi a maɓuɓɓuga bayan an dawo.

Ranar Lahadi da hantsi Hazar Baig zai hau ya sauko da surukar Goggo Zarbibi zuwa asibiti. Motarsa ce za ta fara bi ta kanta. Ya ce in zauna a gaba, na ce zan gani.

Wanda ya zo gaisuwa ya taka ciyawa ko da ƙafa ɗaya, ya koma gida, ba mu karɓi gaisuwarsa ba. Wanda ba zai samu zuwa ba, babu komai, zai wuce ta kanta wata rana in an bar mana hanyar. Ba na roƙon a danna mata oda, ko a tsaya. A sauke giya kawai, a bi a hankali. Ita ba ta taɓa son gudu ba. Ni ne nake so.

Mai sanarwa,
Purdum Wali ɗan Mir Wali, Rezgol.